Waken da Na Ɓoye a Makewayin 'Yan Mata

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma ko na so in manta yaran garinmu ba za su bar ni ba, da ranar da na tabbatar furfurar kaina ado ce kawai, babu hankali a ƙarƙashinta. Ni ne mutumin da ya ga makewayi sabo fil, na siminti, mai ƙofar ƙarfe shuɗiya, sai zuciyarsa ta raya masa wai wannan ɗaki ya fi ƙarfin abin da aka gina shi dominsa. Na faɗa da bakina ne tun yanzu, don in kuka ji labarin wajen Tani, taubashiyata, sai kun ɗauka ɗan fashi ake nufi.

Garinmu ɗan ƙauye ne a ƙasar Mai Yara. In ka baro Dakwaro sai mota ta sha yashi ta ƙoshi kafin ta iso. Muna da lakwal, wato makarantar boko, kalas biyu na siminti, saura rumfunan zana da ake sakewa duk bayan damina. Ni dai karatuna bai taka kara ya karya ba. An kai ni, mushe, wato malami, ya ɗaga bulala, kafin gero ya yi bununi na koma bin awaki. Amma da aka zo zaɓen shugaban kwamitin iyayen yara ni aka ɗora, don ina da baki, ina da babbar riga, kuma daga gidana ake kai wa darakta, shugaban lakwal, tuwo. Tun ranar ake ce mini Pirzidan. (In wani ya kira ni da sunan yanka ma, sai in yi kamar iska ce ta wuce.)

Babbar damuwar lakwal ɗinmu ruwa. Rijiyar gari tana can gabas, kuma ba irin wadda mace ke ja da hannu ba ce. Sai an ɗaura wa bijimin sa igiya, ya yi ta tafiya har ka fara kewarsa, sannan wasaki ya fito. Yara kan zo da ruwa a 'yan robobi, kafin rana ta take sun shanye. Wanke hannu kuwa sai dai a goga a wando. Wanda ciki ya matsa ya nufi daji, maza su ɗan kewaya bayan rumfa, mata su ƙetare gonaki har cikin sabara.

Ana nan sai wasu masu porje, wato 'yan aikin taimako, daga Maraɗi suka zo suka gina mana makewayi a bayan kalas. Gini ɗaya ne mai ɗaki huɗu. Biyu na maza suna duban fili, biyu na mata suna duban baya, da 'yar katanga da ta kare ƙofofinsu don kada a ga mai shiga. Ranar da aka gama, a gaban mai gari aka damƙa mini mabuɗai, aka ce mu riƙe da kyau, za su dawo su duba. In sun ga an riƙe, za a haƙa wa lakwal foraj, wato rijiyar burtsatse, a sa famfo, yara su sha su wanke hannu ba sai sun je ko'ina ba.

To a nan basirata ta motsa. Na ce a raina, mene ne riƙo da kyau in ba a bar abu yadda aka kawo shi ba? Sai na ba darakta mabuɗan maza, na mata na ɗaure su a tazugen wandona.

Daraktan, Mushe Salisu, saurayi ne daga wajen Tasawa, mai haƙuri. Ya same ni ƙofar gida ya durƙusa.

"Baba Pirzidan, na 'yan mata fa?"

"Mushe, kai yaro ne. Wace ɗiya mai kunya za ta shiga ɗaki da rana tsaka, kowa ya san abin da ta tahi yi? Bar su sabbi. In baƙi sun zo suka tarad da biyu tsaf, sun ga riƙo."

"Ba haka suke nufi ba, Baba."

"Kai ka san nufinsu, ni na san mutane."

Da magariba kwanon tuwonsa ya fita daga gidana kamar kullum, har na sa aka ƙara masa man shanu. In baki ya ci, ido kan ji kunya. Ya sake tayar da maganar sau da yawa, ni kuma in sake ƙara man shanu.

Da a nan na tsaya, da wauta ce kawai. Sai kaka ta zo, Allah ya ba ni wake irin wanda na daɗe ban gani ba. Rumbuna kuwa ɓeraye sun mai da shi gidan gado. Wata rana na je wai in duba ko tsatsa ta kama kwaɗo, na buɗe ɗaki ɗaya na leƙa. Ga sanyi, ga siminti sumul, ramin da murfinsa, ko kiyashi ba ya da hanya. Na tsaya ina kallo kamar mai kallon amarya. Ranar Lahadi, da lakwal ba kowa kuma gari na ƙailula, na ɗora buhuna a amalanke na cika ɗakunan biyu har kusan rufi. Matata Habi na ce mata na kai ajiya wajen wani ɗan kasuwa.

Bayan 'yan makonni na leƙa, na ji buhu yana ƙas-ƙas. Ƙwari sun shiga. Mai hankali zai sayi buhun nan mai gida uku da ba ya son magani. Ni kuwa ranar kasuwar Dakwaro na sayo ƙwayar nan mai fitar da iskar guba, wadda ake ƙullewa a tsumma a cusa tsakanin buhuna. Mai sayarwa ya ja kunnena, ya ce a toshe ɗaki ruf, kada mutum ko dabba ya shaƙa sai an buɗe ya sha iska sosai. Ba sai ya gaya mini ba. Na taɓa ganin kajin maƙwabcina da suka kwana kusa da irin buhun nan, da safe duk ƙafafu sama. Na sa ƙwayar, na ma ƙara a kan yadda ya ce (wai don ƙwarin su san da wa suke yi), na cusa tsummoki a tagogin sama, na kwaɓa laka na liƙe ƙasan ƙofofin da gefensu. Baƙi dai an ce sai bayan Sallah. Kafin nan na kwashe, na share, na karɓi yabo.

Kwana biyu tak da sa maganin, ina zaune ƙofar gida ina tufka, sai ga Tani. Ita ke sayar wa yara ƙosai a lakwal, ita ce kuma shugabar iyaye mata, kuma tun muna yara ba ta taɓa raga mini ba.

"Pirzidan, tashi ka zura rigar taka, farar mota ta tsaya lakwal."

"Wace mota? Ai sai bayan Sallah suka ce."

"To tahi ka gaya musu sun yi ɓatan lissafi."

Igiyar ta faɗi daga hannuna. Na sa babbar riga a baibai, na cire, na sake sawa. Duk takun da na yi mabuɗai na bugun cinyata.

Su uku na tarar a inuwar rumfa. Akwai wata mace, Madam Rabi, ita ce babbarsu, da tsohon ciki, tana tafiya tana dafe ƙugu. Akwai injiniya, mutum mai ƙarancin magana. Sai direba, wanda ya karɓi rabon maganar su duka. Bayan gaisuwa Madam ta ce:

"Baba, injin haƙa yana Dakwaro yanzu, kuma aikin lakwal ɗaya ya rage mana bana. Ko ku, ko ƙauyen da ke arewa da ku. Shi ya sa muka zo ba sanarwa, mu ga wuri yadda yake in ba a share don baƙi ba."

Na ce ai haka ya fi, mu ba mu da abin ɓoyewa. (Allah ya yafe mini, har da dafa ƙirji.)

Aka fara da na maza. Nan Mushe Salisu ya fid da mu kunya. Ya rataye bido, wato jarka, a sanda da igiya, in ka taka wani icce sai ruwa ya ɗan zubo ka wanke hannu. Ga toka a gwangwani maimakon sabuni. Ruwan ma daga na alwalarsa yake ragewa. Madam ta taka iccen, ta yi murmushi, ta ce wa injiniya wani abu da Faransanci, ya gyaɗa kai. Na ga famfo ya fara tsirowa a tsakar lakwal.

"To, na mata fa?"

Na sha gabanta. "Madam, garin nan ba a duba abu da ƙishirwa. Kun sha hanya. A sha fura tukuna, makewayi ba ya gudu."

Kada ku tambaye ni dabarar da nake da ita, don babu. Ina dai fatan in na zaunar da su rana ta yi zafi, su tuna suna da wani ƙauyen a gaba, su tashi a gurguje. Na kira jikata Zali daga kalas ɗin manya, na aike ta gida. Ta dawo da ƙwaryar furar Habi, wadda aka dama da nonon Fulani mai kauri. Na cika ludayi na miƙa. Madam ta sha ta ce ta ƙoshi, na ce ai ku biyu ne, na cikin bai sha ba. Ta ƙara. Na sa aka kawo ruwan randa mai sanyi. Na sa aka ɗora shayi, na ce ba a tashi sai an sha na uku. Tsakanin kofi da kofi ina ta jawabi, na faro tun daga kakan mai gari da ya sari garin, na bi ta shekarun fari, na gangaro kan muhimmancin tsabta. Mushe Salisu yana zaune yana kallon takalminsa. Tani tana gefe da ƙwaryar ƙosai tana kallona, irin kallon da mage ke yi wa rami.

Duk tsufana ban tsaya na yi tunanin inda ruwa ke nufa in an sha shi ba, balle a jikin mace mai tsohon ciki.

Ina tsakiyar bayani na ga Madam ta gyara zama. Ta sake gyarawa. Sai ta yafito Tani ta raɗa mata magana a kunne. Tani kuwa ba ta san raɗa ba tun da aka haife ta.

"Pirzidan, kawo mabuɗi, Madam za ta kewaya."

Na laluba aljihun dama, na laluba na hagu, na cire hula na duba ciki.

"Af, ina jin ya ɓata."

"Ya ɓata? To yaran da mi suke buɗewa?" in ji Tani.

"Yau da safe ya ɓata. Madam, mu je gidana, akwai wuri mai kyau."

"Gidanka da ke ƙarshen gari?" in ji Tani. "Ka dubi matar nan ka ce ta taka har can?"

"To ta shiga na maza, ai babu kowa."

Madam ta tashi da ƙyar, ta karɓi buta. Har yanzu da fara'arta, amma fara'ar ta ragu. "Baba, na mata na zo gani. In na shiga da kaina na huta da tambaya." Ta juya wajen Zali da ke tattara ludaya. "Ɗiyata, wanne kuka fi shiga, na dama ko na hagu?"

Zali ta dube ni. Ni da ita kullum cikin tsiya muke, tana ce mini tsohon ango, ina ce mata amaryar da ba ta iya tuwo ba. Ranar kuwa sai ta sunkuyar da kai tana juya ludayi a hannu.

Direba ya miƙe yana karkaɗe wando. "Kwaɗo ne kawai? Wanga ba aiki ba ne." Ya je mota ya ɗauko wani ƙarfe na cire taya. Muka ɗunguma bayan ginin, ina biye da su. Da ya kewaya 'yar katangar sai ya tsaya.

"Wa ya liƙe ƙofar nan da laka?"

"Zanzaro ne," na ce. "Sun yi yawa bana."

Ya tsuguna ya duba, ya ɗaga kai ya ga tagar sama. "Baba, zanzaron garinku har da tsumma yake gini?"

Wasu suka yi dariya. Injiniya bai yi ba, amma yana can baya, bai ga abin da kyau ba. Madam ta ce a taimaka a yi sauri. Direba ya sa ƙarfe a ƙofar dama, ya danna sau ɗaya, kwaɗo ya faɗi. Ya kankare lakar ƙasa da ƙafarsa. Sannan ya yi abin da duk namiji mai kunya zai yi, ya juya baya ya ce maza mu ba da wuri. Muka koma gefen fili, Tani ma ta dawo bakin katanga ta tsaya gadi. Aka bar Madam ita kaɗai da ƙofa.

Ga abin da ke cikin kaina a lokacin, ba zan rage komai ba. Na ce in ta buɗe ta ga buhuna ai ba za ta shiga ba, za ta ja baya, kunya ce dai zan sha. Sai na tuna a ɗakin dama na bar wuri daidai tsayuwar mutum, don in riƙa shiga ina duba wake, kuma murfin ramin yana nan a fili. Mace a matse, ɗaki da duhu, za ta faɗa ciki ta jawo ƙofa kafin idonta ya washe. Na ce to wataƙila ƙarfin maganin ya ragu. Na tuna na ƙara a kan ƙa'ida. Na ce in na yi magana foraj ya tafi, yaran gari duka sun rasa ruwa saboda ni. In na yi shiru kuma... sai kajin maƙwabcina suka faɗo mini a rai.

Na ji ƙarar ƙarfe yana gogar siminti. Ƙofar ta ciza, tana ja.

Ban san lokacin da na zabura ba. Tsoho da babbar riga, na bangaje Tani, na faɗa ɓangaren mata, na damƙi hannun matar mutane, baƙuwa, mai ciki, na fizgo ta baya har buta ta faɗi.

"Kada ki shiga! Akwai guba, maganin wake na sa."

Ƙofar ta riga ta buɗe kamar faɗin tafin hannu. Wani wari ya fito, kamar tafarnuwa da ruɓaɓɓen kifi. Madam ta yi tari, ta toshe hanci da mayafi. Injiniya ya iso da gudu, ya tura ƙofar da ƙafa, ya janye mu duka zuwa fili. Mutumin da tun safe bai yi mini magana ba ya tsaya gabana.

"Wane iri? Mai iska?"

"Shi."

"Yaushe?"

"Shekaranjiya."

"Ɗayan ɗakin fa?"

"Shi ma."

Ya dubi ginin, ya dubi ƙofofin maza da yara ke shiga kullum, bango ɗaya tsakaninsu da wakena. Bai zage ni ba, da ma ya zaga. Ya ce wa darakta a fitar da yara duka, a kai su gindin gawo ta inda iska ke fitowa, kada kowa ya sake kusantar ginin, na maza ko na mata. Aka zaunar da Madam a iska, Tani na wanke mata fuska tana tambayarta ko tana jin jiri, ko na cikin yana motsi. Na tsaya ina jiran amsar nan kamar mai jiran hukuncin alƙali. Madam ta dafa cikinta tana saurare, can ta ce yana motsi.

Injiniya ya zaro dogon icce daga rumfa don ya tura ƙofofin daga nesa su sha iska. Ya miƙo mini hannu.

"Mabuɗin ɗayan."

Babu sauran ƙarya a bakina. Na ɗaga babbar riga, na ɗaga 'yar ciki. Ƙullin da na yi wa mabuɗan irin na ɗaure raƙumi ne, don kada Habi ta kwance in ina barci. Na ja, na ciza, ya ƙi. Dole sai da na kwance tazugen gaba ɗaya. Na miƙa mabuɗi da hannun dama, hagu na riƙe da wando, yaran lakwal kaf suna gindin gawo suna kallo, ga mutanen gari sun fara taruwa.

"Ashe nesa ya ɓata," in ji Tani.

Ƙofofi suka buɗe. Buhuna a jere har sama, a ɗakin da aka zana hoton yarinya a ƙofarsa. Ba wanda ya yi dariya a lokacin. (Sun rama daga baya, har yau suna ramawa.)

Na ɗauka an kai ƙarshen kunya. Sai na ji Madam ta ce wa Tani a hankali, har yanzu fa a matse take. Ginin an hana kusantarsa. Gidaje da nisa. Sai Zali ta fito daga cikin yara.

"Madam, zo in kai ki inda muke zuwa."

Ta kira wata ƙawarta, suka sa ta tsakiya. Lokacin an gama girbi, gonaki fayau, babu abin da zai kare mutum. Shekara da shekaru ina cewa 'yan mata suna zuwa sabara, ban taɓa tsayawa na auna tafiyar da ido ba sai ranar. Suka ƙetare gona ta farko, Madam ta tsaya ta dafe ƙugu. Suka ƙetare ta biyu, ta sunkuya tana cire ƙarangiya daga zane. Har suka zama ƙanana a ido. Da suka isa, sai ga wani makiyayi ya ɓullo da shanunsa ta burtali, dole suka tsaya tsaye suna jira ya wuce, shi kuwa ba ya sauri. Sannan na ga yaran biyu sun kwance mayafansu sun miƙe su, ɗaya ta riƙe nan ɗaya ta riƙe can, sun juya baya. Yadda suka yi shi ba tare da shawara ba, ka san ba yau suka fara ba.

Ni kuwa ina tsaye da wando a hannu, ba wanda ya ce in zauna.

Da suka dawo Madam ba ta neme ni ba. Ta tara manyan 'yan mata a rumfa ɗaya, ita da Tani. Zana ba ta riƙe magana, ina jin komai daga waje. Wata ta ce ba ta shan ruwa da safe don kada ta ji fitsari. Wata ta ce ta taɓa taka maciji a sabarar. Sai na ji muryar Zali, ƙasa-ƙasa, tana cewa duk wata, kwanakin da ba ta salla, ba ta zuwa lakwal, sai ta ce a gida kanta ke ciwo. Ni ne nake ba ta kuɗin maganin ciwon kan nan, har ina yi mata tsiya wai amaryata raguwa ce.

Da za su tafi Madam ta tsaya gabana. Na kasa ɗaga ido sama da takalminta.

"Baba, na gode da ka tare ni. Wani da shiru zai yi."

Na ce Allah ya huci zuciyarta, laifina ne ni kaɗai, kada a hukunta yara. Mushe Salisu ma ya roƙa, ya ce a ba mu mako ɗaya a dawo a gani.

"Mushe, na ga ƙoƙarinka," ta ce. "Amma za a tambaye ni ko 'yan matan lakwal ɗin nan suna shiga makewayinsu, kuma da ƙafata na je inda suke zuwa. Injin ba ya jira. Zan sa sunanku a na gaba, in an samu."

Injin ya tafi ƙauyen arewa. In iska ta juyo har ƙararsa muna ji, kwana da kwanaki, kuma duk wanda ya ji sai ya waiwayo ya dube ni. Mai gari ya tara mutane, ban jira an tsige ni ba na sauka. Aka ɗora Tani. Abin da ta fara yi shi ne cire kwaɗunan waje, ta sa maƙeri ya yi sakata ta ciki. Da injiniya ya aiko cewa an iya shiga, ni na kwashe buhunan a bayana, ni na wanke ɗakunan. Habi ta ce ko ƙwaya ɗaya ta waken nan ba za ta shiga tukunyarta ba. Sunan Pirzidan dai bai bar ni ba, sai dai an yi masa jela, Pirzidan Wake. Har yaran da ba su iya tsarki ba sun iya faɗinsa.

Makewayi ba ruwa kuwa, kwana kaɗan ya zama abin gudu. Tani ta zo har gida ta ce tunda amalankena ya san hanyar lakwal, sai ya ci gaba da zuwa. Yanzu kowace safiya ni ne a bakin rijiya cikin layin mata, in cika biduna, jakina ya ja mu zuwa lakwal, in zuba a bidon wanke hannu da randar sha da butocin 'yan mata. Foraj har yau muna jira. An ce muna cikin na gaba, kuma na gaba bai gaya mana ranar zuwansa ba.

In kun ce in faɗi abin da na koya, to mabuɗi a tazuge ba ya mai da kayan jama'a naka, kuma wanda zai yi wa baƙuwa ƙarya kada ya fara da cika ta da fura. Na biyun ne mutane suka fi so in faɗa, don shi ake yi wa dariya.

Rannan Zali ta makara, ta hau amalanke muka tafi tare. Tana zaune kan bido, littafi a cinya, ruwa na fantsamo mata a ƙafa. Na fara yi mata tsiya yadda muka saba, na ce amarya ta samu mota kyauta. Ba ta rama ba. Muna gab da lakwal, ba ta ko dube ni ba, ta ce:

"Kaka, da matar nan ba ta ji fitsari ba, yaushe za ka buɗe mana?"